Hawa Bakwai, Zare Takwas

Kafin in fara, masu cika mini waya da "Anti Esohe, ki amsa wa bawan Allahn nan mana", don girman Allah ku sarara mini. Makon nan ba ta namiji nake ba. 'Yata aka tashi ɗauke mini, kuma abin da ya fi ci mini rai, ni da kaina na buɗe musu ƙofa har da share musu hanya.

Waɗanda yau suka fara shigowa, ku matso in gaya muku a gurguje. Sunana Esohe. Murjanin amare nake shiryawa, ina da ɗan shago a Uselu, nan cikin Benin. Sana'ar na gaje ta wajen mahaifiyata, Iye, wadda yanzu idonta ya daina ganin hudar dutse, sai bakinta ya ƙara kaifi. Tare muke zaune. Mijina Osaro ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar mini 'ya ɗaya tal, Amenze, shekararta sha biyar, tana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Akwai yayar marigayin, Sista Imade, da ke Warri. Tun ranar da ta ji an ce wani yana zuwa wajena ta tayar da ƙayar baya sai an ba ta yarinyar. A zaman dangi na ƙarshe aka ce Amenze ta zauna hannuna, amma in karatunta ya ja baya a wannan zangon, ta tattara sai Warri.

Shi kuma wanin, sunansa Uyi. Mai awon filaye ne, dogo, takalminsa kullum da jar ƙasa. Ba ya fara magana sai ya gyara murya, in ya fara kuma a hankali yake jero ta kamar mai tsoron kada ta zube. Saƙon muryarsa sai ki wanke shinkafa ki ɗora bai kai ga abin da ya kira domin sa ba. Iye dai tun burodin farko da ya kawo mata ta gama ɗaura mana aure a ranta. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba.

To, ranar Asabar ɗin da abin ya faro, ruwa ake tun safe, irin wanda ke mayar da layinmu jan kunu. Uyi ya zo duk da haka, ya naɗe ƙafar wando, ledar burodi a hammata. Amenze ce ta roƙe shi tun a coci, wai an fara musu wani lissafi da ake kira A.P., ga gwaji na tafe. Na ce su zauna a baranda. Na buɗe ƙofar falo har bango, na ja kujerata inda nake hango su. Ku ce na cika zargi, na ji. Ko fasto ne, in dai ba shi ya haife ta ba, ƙofa a buɗe take.

Tire a cinyata ina zura na wata amarya, kunnena yana waje. Abin da na tsinta, lambobi ne ake jerawa, kowace ta ɗara ta bayanta da taku iri ɗaya: bakwai, goma, sha uku, sha shida, haka dai. Sai a ce ki faɗi ta ashirin ba tare da kin bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Wai sai ki ninka takun sau ashirin ban da ɗaya, ki haɗa da lambar farko. A wannan "ban da ɗayan" 'yata ta cije.

"Ankul, ashirin fa aka ce. Ina ɗayan ya tafi?"

Ya gyara murya. Ya sa ta kwaso murafen kwalba, ya jera su kan benci, ya ce ta ɗauka turakun awo ne a fili, ta ƙirga turakun sannan ta ƙirga tsakaninsu. Ta ƙirga, ta ce ta gane. Ni na haife ta, na san "na gane" ɗin da ake faɗa ido na kallon ƙasa. Ya ba ta wata tambayar, ta sake tambayar inda ɗayan ya tafi. Ya maimaita bayanin, kalmomi iri ɗaya, sai dai ya ƙara rage gudu, kamar jinkirin ne maganin. A karo na uku na ga ta goge ido da bayan hannu, tana cewa feshin ruwa ne.

Iye kuwa daga ɗakinta take ta ƙwala mini kira, wai na bar baƙo da yunwa, in zubo masa miyar owo da dafaffiyar ayaba. Ya ci, ya yaba miyar har sau biyu, ya ce mini a bakin ƙofa, "Za ta gane, a ba ta lokaci." Lokacin a ina? Gwajin Laraba ne.

Ko ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba ta yi jifa da littafin kan kujera.

"Momi, ni daƙiƙiya ce. Ki bari kawai Anti Imade ta zo ta tafi da ni, kowa ya huta."

Kun san Allah, sai da na ji maganar har cikin ƙashina. Na ɗauki littafin. Ni da lissafi mun rabu tun a makaranta ko sallama babu, amma na zura wa lambobin nan ido: bakwai, goma, sha uku. Sai murna ta kama ni. Yo wannan ai aikina ne, kullum shi nake yi.

Ga yadda yake. Abin wuyan amarya, zaren da ke kwanciya a kan wuya shi ne shimfiɗa, dutse arba'in nake sa masa. Duk hawan da zai biyo ƙasa sai ya ɗara na samansa da dutse shida, in ba haka ba su hau kan juna. In aka ce mini ana son mai hawa bakwai, ba na tsayawa bin su: shida bakwai arba'in da biyu, a haɗa da arba'in na shimfiɗa, hawan ƙarshe tamanin da biyu. Ko a barci aka tashe ni.

Na shimfiɗa farin ƙyalle kan tebur, na baje wanda nake aiki a kai, na kamo hannunta na ɗora kan duwatsun. Na ce ta faɗa mini hawa na goma. Ta lissafa, ta ce ɗari. Na ce to na littafinki, bakwai ɗin nan ita ce shimfiɗa, takun uku ne, hawa na ashirin fa? Kafin in rufe baki ta ce sittin da bakwai. Jama'a, da kun ga fuskar yarinyar nan. Kamar an dawo da wuta.

Sai ta ɗan yamutsa goshi.

"Amma Ankul ya ce a cire ɗaya."

"Ankul ɗin naki ya taɓa zura dutse ko ɗaya a zare?"

"A'a, amma malaminmu ma…"

"Su je can da turakunsu a daji. Tun kafin a haife ki nake wannan aikin, an taɓa dawo mini da abin wuya an ce ya karkace?"

Ta yi dariya, ta ja littafin. Ba zan ɓoye muku ba, har da wani daɗi na daban a raina. Makonni ke nan ba abin da nake ji a gidan sai "Ankul ya ce, Ankul ya ce". Yau ga abin da Ankul ya yi ta fama da murafen kwalba ya kasa, ni na gama shi kafin shinkafa ta tsotse. Yarinya ta yini tana amsa tambayoyi tana waƙa. Har ƙawarta ta kira a waya ta koya mata hanyar Momi.

Ranar Juma'a ina shago, bakina cike da allurai ina ɗaura wa wata amarya murjanin kai a gwaji, wayata ta fara ɓari kan tebur. Sista Imade. Ta dage tun farkon zango sai da aka ba malaman lambarta, wai ita ce wakiliyar dangin uba, don haka kafin 'yata ta iso gida takardar gwajinta ta riga ta isa Warri. Hoto ta fara turowa. Biyu cikin ashirin. Jan biro tun daga sama har ƙasa, a gefe malamin ya rubuta: "Wa ya koya miki haka?"

Sannan saƙon murya. Na kara a kunne don kada amarya ta ji.

"Matarmu, sannu da ƙoƙari. Na ji an ce wani mai awon fili ne ya zama malamin 'yarmu. To lallai ya auna ta da kyau. Ranar Lahadi bayan coci ina tafe tare da Epa Ogbeide. A wanke mata kayanta su bushe, kada a ce ban faɗa ba."

Epa Ogbeide shi ne babban dangin su Osaro. In ya ce an gama, an gama.

Na soki amaryar mutane da allura a bayan kunne, na yi ta ba da haƙuri. Ba a jima ba Amenze ta shigo, farar safarta ta koma ja da taɓo. Ta wuce bayan labule ta zauna kan kwalin kaya. Da ta yi mini kuka, da ta yi mini tsiwa, da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Yadda kika ce na yi, Momi." Ana cikin haka uwar ƙawar tata ta kira, ita tata 'yar ɗaya cikin ashirin ta samu, tana son jin wace sabuwar hanya ce ake koyarwa a gidanmu. Na ce mata layi ba ya da kyau.

Muna isa gida saƙon Uyi ya shigo, a rubuce, abin da bai saba ba. Ashe Amenze ta tura masa hoton.

"Na duba takardar. Duk amsoshin da taku ɗaya suka wuce, babu wadda ta kauce daga haka. Ta iya. Abu ɗaya ne ya shiga tsakani."

Bai ce wane ne abu ɗayan ba. Ya sani, na san ya sani. Ina cikin rubuta masa wata baƙar magana wani saƙon ya sake shigowa.

"Ranar Lahadi ki ce ni na koya mata. Dama ni suke zargi."

Na rubuta: "In na ce kai ne, za su ce kada ka ƙara taka gidan nan."

"Na sani. Zamanta wajenki ya fi."

Na kife wayar kan gado, na ja tsaki. Wane irin mutum ne wannan, ko damar jin haushinsa ba zai bar maka ba?

Na kai wa Iye maganar tana zaune tana ɓare egusi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce sam, ba za a ɗora wa surukinta ba, ni ma kuma kada in kuskura in buɗe baki. A ɗora wa malamin. Na ce Iye, mutumin nan me ya yi? Ta ce to lissafina ai daidai ne, haka uwarta ta koya mata, haka ta koya mini, amaren Benin nawa suka shiga ɗaki da shi? Makarantar ce ba ta san aiki ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni ma ban ga inda na kauce ba. Na ɗauko abin wuyan, na ƙirga hawan ƙarshe dutse bayan dutse. Tamanin da biyu cif. Na sake. Tamanin da biyu. To don me abin da ke daidai a wuyan amarya zai zama biyu cikin ashirin a takarda?

Asabar da safe Amenze ta durƙusa ta gaishe ni da gaisuwar safe ta gidan ubanta, kamar kullum, ni kuma na juya na yi wa Iye ta gidan nawa uban. Kowane gida da tasa, kuma ɗa ta ubansa yake ɗauka. Shekara huɗu ke nan a bakinta kaɗai nake jin ta gidan Osaro. Ranar ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta bi ni shago ba tare da na ce ta zo ba, ta zauna tana naɗe kaya a takarda mai laushi.

Wajen azahar ƙanwar amarya ta zo karɓar mai hawa bakwai ɗin nan. Na ce Amenze ta duba maɓallin baya kafin ta naɗe, kada wani zare ya kwance a wajen biki. Ta juya shi, tana jan zaren ɗaya-ɗaya. Sai na ga hannunta ya tsaya.

"Momi, bakwai aka ce ko?"

"Bakwai."

"To me ya sa maɓallin yake da huda takwas?"

"Da ta shimfiɗa mana. Yi sauri, ana jira."

"Shimfiɗa ba zare ba ce?"

"Zare ce, amma wa yake ƙirga ta?"

Ta baje shi kan tebur, ta ɗora yatsa a kan shimfiɗar, ta ce ɗaya. Ta gangaro, biyu, uku, har ƙasa. Takwas. Ta sake komawa sama. Ƙanwar amarya ta duba agogo ta ce Madam, mai keke fa yana waje. Ni kuwa idona yana kan yarinyar.

"Mai tamanin da biyun zare na takwas ne," ta ce, a hankali, kamar da duwatsun take magana. "Amma sau bakwai aka ƙara shida, don ita shimfiɗar ba a ƙara mata komai ba. Takwas ban da ɗaya." Ta ɗago ta dube ni. "Su a makaranta da ita suke fara ƙirga. Momi, ga ɗayan da nake ta nema. Ba inda ya je, yana kan wuya."

Na nemi kujera na zauna. Shekara da shekaru ina cire ɗayan nan da hannuna tun kafin in fara ƙirga, ban taɓa sanin ina cire wani abu ba. Na zo na ce wa yarinya kada ta cire.

Ta naɗe kayan, ta miƙa, ta raka baƙuwar har bakin ƙofa. Da ta dawo tana dariya hawaye na zuba. Ta ce da ni da Ankul abu ɗaya muke yi, ba wanda ya tsaya ya kalli hannun wani. Can kuma dariyar ta ɗauke.

"Amma dai an riga an rubuta biyu."

Na ce na sani. Na tura wa Uyi cewa kada ya zo gobe, maganar dangi ce. Ya turo alamar babban yatsa, wato to.

Lahadi muna dawowa daga coci na canza zuwa atamfata mai ruwan ƙasa, na ɗaura ɗankwali ƙarami, don kada a ce na yi ado. Iye ta sa aka daka sakwara da baƙar miya. Ba a daɗe ba mota ta tsaya. Sista Imade ta fito cikin shuɗin leshi mai duwatsu, ɗaurin kanta sai da ta sunkuya a ƙofa, a hammatarta kuma jakar gana-mas-go sabuwa fil a ninke. Bayanta Epa Ogbeide, ɗan tsoho cikin farin zane, murjani sili ɗaya a wuya, yana dogara sanda. Muka durƙusa muka yi gaisuwar girmamawa, muka ce domo, Epa. Aka kawo goro ya yi addu'a ya fasa.

Ana cikin rabon goron na ji babur. Uyi. Farar riga a goge, takalmin nan kuma yau har ƙyalli yake. Tunda na ga takalmin hankalina ya tashi. Na watsa masa harara, ya yi kamar fanka yake kallo, ya gaida manya ya samu gefen kujera.

Sista Imade ba ta ɓata lokaci ba. Ta miƙa wa Epa wayarta da hoton takardar, ta kawo tarihin ɗan'uwanta da yadda ya ci lissafi tun yana firamare, ta kawo alkawarin da aka yi a zaman baya. Ta ce ita ba ta hana matarsu neman wani mijin ba, yarinya ce, jini na gudu a jikinta, amma ba za a mayar da 'yar Osaro filin gwaji ba, duk wanda ya kawo burodi ya zama malami. Ta nuna Uyi da haɓa.

Epa ya juya gare shi. "Ɗana, kai ka koya mata wannan?"

Uyi ya miƙe tsaye. Ya gyara murya.

Wannan gyaran muryar da na daɗe ina tsana, ranar shi ya cece ni. Kafin ya gama na riga na faɗa.

"Ni ce, Epa. Shi daidai ya koya mata. Da ya tafi na ce ta bar nasa ta bi nawa."

Iye ta ja wani dogon tsaki daga inda take. Uyi ya tsaya baki buɗe da maganar da bai samu fitarwa ba. Sista Imade ta tafa hannu a hankali sau biyu, ta ce to Epa kun dai ji da kunnenku, sannan ta fara warware jakar, ƙarar ledar ta cika falon.

Epa ya ce ta dakata. Ya ce shi a tsawon ransa ya ga uwar da ta hana ɗa karatu, amma bai taɓa ganin wadda ta zauna takanas ta koya masa kuskure ba, yana son jin yadda aka yi. Na buɗe baki, bayanin ya cakuɗe mini, na fara da maɓalli na koma turaku. Sai Amenze ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani abin wuyan da ban gama ba. Ta durƙusa gaban tsohon, ta baje shi a kan gwiwarsa, ta nuna masa shimfiɗa, ta nuna masa inda mu muke fara ƙirga da inda makaranta take farawa.

Ya daɗe yana shafa duwatsun. Sannan ya ce, "To in da za a yi ta yi har zare na ashirin, dutse nawa zai ci?"

"Ɗari da hamsin da huɗu, Epa."

Ya dubi Uyi. "Haka ne?"

"Haka ne, Epa."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce shi ko an ce masa dubu ne ba zai musa ba, so yake kawai ya ga ko za ta kalli ƙasa in tana ba da amsa. Ba ta kalla ba.

Sista Imade ta ce ganewa bayan gwaji ba ta goge jan biro, alkawari kuma alkawari ne. Na shirya jin sauran, amma sai muryarta ta canza, ta yi ƙasa, ta daina kallon kowa sai jakar da ke hannunta.

"Epa, ita ke nan abin da Osaro ya bari. In matarmu ta shiga wani gida da ita, shekara biyu ta yi yawa, gaisuwar wasu za ta koma yi da safe. Shi ke nan an rufe bakin ƙanena."

Shekara sha shida na san matar nan, ban taɓa tunanin akwai abin da take tsoro ba. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na ji haushin kaina da na ji tausayin.

Kawai sai ga Uyi ya zube kan gwiwa, da farin wandonsa, a kan tayil ɗin da ba a goge ba. Kuma, ku ji ikon Allah, ko gyaran murya bai yi ba.

"Epa, in mutanena suka zo aka karɓe su, gaisuwar gidan Osaro za ta riƙa yi a gidana duk safiya. Ranar da kuka ji ta canza, ku zo ku ɗauke ta. Ni zan riƙe muku jakar."

Mutanensa? Su zo ina? Wa ya ce masa su zo? Na dubi Iye don ta taya ni mamaki, na tarar har ta fara gyara ɗaurin zane tana murmushi kamar an ce gobe ne bikin.

Epa ya bar shi a durƙushe ya gama tauna goronsa. Sannan ya yanke. Amenze za ta zauna hannuna har jarrabawar ƙarshen zango. In ta ci, maganar Warri ta mutu. In ta faɗi, ba sai an sake zama ba. Ya ce Sista Imade ta bar jakar a nan, a rataye ta bayan ƙofar falo inda kowa zai riƙa ganinta, uwa da 'ya da masu kawo burodi. Ya taɓa kafaɗar Uyi da sandarsa ya ce ya tashi, maganarsa ba ta yau ba ce, kuma ba shi ne farkon wanda ya kamata a tambaya ba. Ya faɗi haka yana kallona.

Sista Imade ta ci sakwararta tas, ta ce miyar gishiri ya ɗan yi yawa. Da za ta shiga mota ta riƙe fuskar Amenze da hannu biyu ta daɗe tana kallo.

Yau Litinin. Amenze ta durƙusa ta yi gaisuwarta, wannan karon ta dube ni. Ta tafi makaranta da wani ɗan abin wuya mai zare takwas da ta harhaɗa da fasassun duwatsu, wai za ta gyara wa ƙawarta ɓarnar da muka yi mata. Na ce ta gaida uwar, ta ce mata layi ya gyaru.

Ina share baranda saƙo biyu suka shigo a jere. Na Uyi ne farko.

"Na san ban tambaye ki ba jiya. Ki yi haƙuri. Yanzu ina tambaya. In ranar ta zo, mai hawa nawa kike so?"

Na rubuta bakwai. Na goge. Na ɗaga kai, ga jakar nan bayan ƙofa, iska na kaɗa ta. Na rubuta masa: "Sai 'yata ta ci jarrabawa."

"To. Asabar zan zo da murafen kwalba."

"Ka bar su a gida. Ka zo da kunnenka, ita za ta koya maka."

Sannan na buɗe na biyun. Sista Imade.

"Matarmu, ki ce wa mai awon filin nan ina son ganinsa a Warri. Shi kaɗai. Kada ki biyo shi, kada kuma ki koya masa abin da zai ce, mun ga koyarwarki."

Har yanzu ban tura masa ba. Iye tana ɗaki tana ta kiran sunana, wai in zo in auna wuyana.